Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗanɗano da Halayen Giyar Inabi: Ja, Fara da Mai Zaƙi

Giyar inabi abin sha ce ta mutanen Turai da ƙasashen gaɓar Bahar Rum tun zamanin da, kuma hukuncinta a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, domin aya ta 90 ta suratul Ma'ida ta haramta duk abin da ke sa maye. Duk da haka mai jin Hausa yakan yi kiciɓis da ita ko bai nema ba. Akwai ma'aikacin otal a Abuja ko Yamai da baƙi ke yi wa tambaya, akwai ɗalibin da ya je karatu Faransa aka miƙa masa takardar jerin abinci, akwai mai fassara, akwai kuma uwargidan da ta sayi kwalbar biki tana son tabbatar da abin da ke cikinta. Amsoshin da ke ƙasa an shirya su ne domin irin waɗannan mutane su san abin da suke gani, su kuma iya bambance wannan kwalba da waccan.

Mece ce giyar inabi, kuma me ya raba ta da ruwan inabin da ake sayarwa a kwali?

Abu ɗaya ne ya raba su, wato aikin yis. Idan aka matse nunannen inabi, ruwan da ke fita cike yake da sukari. Yis, ko wanda ke zaune a jikin ɓawon inabi da ɗakin sarrafawa ko wanda mai sana'ar ya zuba da hannunsa, yana cinye wannan sukari ya mayar da shi barasa da iskar gas, kuma cikin mako ɗaya zuwa uku ruwan zaƙi ya zama abin sa maye. Masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, shi ne ya tabbatar a tsakiyar ƙarni na 19 cewa halitta mai rai ce ke yin wannan aiki. Amma mutane sun daɗe suna yi kafin su san dalili, domin an tono tukwane a ƙasar Jojiya masu alamar giyar inabi da aka ƙiyasta sun kai shekara 8,000, an kuma gano wurin matsar inabi a kogon Areni na ƙasar Armeniya mai kimanin shekara 6,000.

Ruwan inabin kwali kuwa an dafa shi ne da zafi daidai gwargwado domin a kashe yis kafin ya fara aiki. Wani likitan haƙori ɗan Amurka, Thomas Welch, ya fara yin haka a 1869, saboda yana son cocinsu ta samu abin sha marar barasa.

Shin jar giya daga jan inabi ake yin ta, fara kuma daga farin inabi?

Rabin maganar gaskiya ne. Wanda ya ɓare baƙin inabi ya duba cikinsa zai ga tsokar fara ce ko ruwan ganye-ganye, domin launin yana cikin ɓawo ne kawai. Saboda haka abin da ke yanke hukuncin launin giya shi ne tsawon lokacin da ruwan ya yi tare da ɓawo. Mai yin jar giya yakan murƙushe inabin ya bar ruwa da ɓawo da ƙwallaye su tsimu tare na kwanaki ko makonni, ɓawon yana tasowa sama ya yi kauri, ma'aikata suna danna shi ƙasa ko suna janyo ruwan ƙasa suna kwarara masa a kai sau da yawa a rana. Mai yin farar giya kuwa yakan matse inabin nan take ya raba ruwan da ɓawo kafin yis ya fara aiki.

Wannan ne ya sa ake iya samun farar giya daga baƙin inabi, kuma a yankin Champagne na Faransa ana yin hakan kullum da nau'in Pinot Noir da Pinot Meunier. Giya mai ruwan hoda tana tsakiya, ana barin ta da ɓawo na 'yan sa'o'i ne kawai. Akwai 'yan nau'o'i ƙalilan da tsokarsu ma ja ce, kamar Saperavi na Jojiya, amma waɗannan ba su da yawa.

Me ya sa ake cewa jar giya tana busar da baki?

Wannan shi ne bauri, kuma a ganina duk wanda ya fahimce shi ya fahimci rabin halin jar giya. Baurin yana fitowa ne daga sinadarin tanin da ke cikin ɓawo da ƙwallaye da sandunan nonon inabi, wani kuma daga gangar katakon da aka ajiye giyar a ciki. Tanin yana kama sinadaran furotin da ke cikin yawu, sai santsin baki ya ɗauke, mutum ya ji dasashinsa da harshensa sun yi kaushi. Dangin wannan sinadari ne ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita, inda yake kama furotin na fata ya hana ta ruɓewa, kuma aikin da yake yi a bakin mai sha ƙaramin samfurin wancan ne.

Daga nan ne al'adar Turawa ta haɗa jar giya da jan nama ta samo tushe, domin kitse da furotin na naman suna rage kaifin baurin. Tanin kuma yana kare giya daga lalacewa, shi ya sa masu yawansa suke iya yin shekaru a kwalba, baurin yana laushi sannu a hankali. Farar giya, tunda ba ta zauna da ɓawo ba, baurinta kaɗan ne ƙwarai.

Jar giya duk ɗanɗanonta ɗaya ne?

Ko kusa. Nau'in inabin da aka yi amfani da shi yana sauya komai, kuma sunayen da ake gani a jikin kwalabe sau da yawa sunayen nau'o'in ne.

Cabernet Sauvignon, wanda asalinsa yankin Bordeaux na Faransa ne, yana da ƙananan 'ya'ya masu kaurin ɓawo, saboda haka giyarsa tana da duhu da nauyi da bauri mai ƙarfi. Idan bai nuna sosai ba yakan ba da ƙamshin koren tattasai, kuma wannan ba zato ba ne, sinadari iri ɗaya ne a cikinsu. Binciken ƙwayoyin gado da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a shekarun 1990 ya nuna cewa an same shi ne daga barbarar Cabernet Franc, wanda baƙi ne, da Sauvignon Blanc, wanda fari ne. Merlot maƙwabcinsa ne a gona, ya fi shi laushi da saurin nuna, don haka mutanen Bordeaux suka saba gauraya su biyun domin ɗaya ya cike giɓin ɗaya.

Pinot Noir na yankin Burgundy a Faransa kishiyar Cabernet ne. Ɓawonsa siriri ne, launin giyarsa ba ya da duhu har ana iya hango yatsa ta bayan kofi, baurinsa kaɗan, tsaminsa a fili, kuma manoma suna kuka da shi saboda ba ya jure zafi ko yawan damshi. Syrah, wanda mutanen Ostireliya ke kira Shiraz, an san shi da ƙamshin masoro, kuma a 2008 masu bincike a Ostireliya suka bayyana cewa sinadarin da ke ba masoro ƙamshinsa yana cikin wannan inabi. Wajen mutum ɗaya cikin biyar ba sa jin wannan ƙamshi sam, abin da ke nuna cewa saɓanin masu ɗanɗano ba kullum ne rashin ƙwarewa ba.

Wanda ya fi ba da mamaki shi ne Nebbiolo na arewacin Italiya, wanda ake yin giyar Barolo da shi. Launinsa ba ya da ƙarfi, mai kallo zai ɗauka giya ce mai sauƙi, amma baurinsa yana cikin mafi tsanani, wanda ke nuna cewa duhun launi ba shi ne ma'aunin ƙarfi ba. Ajantina ta yi suna da Malbec da take nomawa a tuddan Mendoza, Sifen da Tempranillo, Afirka ta Kudu kuma tana da nata na gida, Pinotage, wanda Abraham Perold ya samar a Stellenbosch a 1925.

Idan farar giya ba ta da bauri, me ke ba ta hali?

Tsami da ƙamshi. Inabi yana da asid iri biyu manya, ɗaya mai suna tatarik, ɗaya kuma malik, wanda shi ne ke sa ɗanyen tuffa tsami. A ƙasa mai sanyi inabi yana nuna a hankali ya riƙe tsaminsa, a ƙasa mai zafi kuma tsamin yana raguwa sukari yana ƙaruwa.

Chardonnay shi ne misalin da ya fi nuna hannun mai sana'a, domin shi kansa ba ya da ƙamshi mai ƙarfi. A Chablis, can arewacin Burgundy, giyarsa tana fitowa siririya mai kaifin tsami irin na lemun tsami. A Kalifoniya kuwa, inda rana ta fi yawa, yawanci ana ajiye ta a gangar itacen ok, a kuma bar wasu ƙwayoyin bakteriya su mayar da asid malik zuwa asid laktik, irin wanda ke cikin nono, sai ta yi kauri da laushi har ta riƙa ƙamshin man shanu. Inabi ɗaya ne, amma wanda bai sani ba zai rantse iri biyu ne.

Sauvignon Blanc ba ya ɓuya, ƙamshinsa na ɗanyen ganye da gwaiba yana tashi tun kafin kofi ya kai baki, musamman na yankin Marlborough a Niyu Zilan. Riesling na kwarin kogin Mosel a Jamus yana da tsami mai yawa da barasa kaɗan, wani lokaci kashi 8 cikin ɗari kacal, ana yin sa marar zaƙi ana kuma yin sa mai zaƙi, kuma idan ya tsufa yakan ɗauki wani ƙamshi mai kama da na kananzir wanda masu sonsa ba sa ɗauka aibi. Muscat yana cikin ƙalilan ɗin da giyarsu ke ƙamshin inabi kamar yadda aka san shi a faranti.

Idan an rubuta a kwalba cewa tana ƙamshin abarba ko fanila, zuba su aka yi?

A'a. A giyar inabi ta ainihi ba a zuba 'ya'yan itace ko turare. Ƙamshin yana fitowa daga wuri uku: inabin kansa, aikin yis wanda ke samar da sinadarai masu ƙamshin ayaba ko tuffa, sai kuma ajiya. Gangar itacen ok, wadda a Bordeaux take cin lita 225, ana babbaka cikinta da wuta lokacin haɗa ta, kuma katakon yana ɗauke da sinadarin da ke ba fanila ƙamshinta. Itacen ok na Amurka yakan ƙara da ƙamshin kwakwa. Masu sharhi suna amfani da sunayen 'ya'yan itatuwan ƙasashensu ne domin kwatanta abin da hanci ya ji, kuma wasu daga cikinsu, gaskiya, suna wuce gona da iri wajen ƙawata magana.

Me ake nufi da kalmar "dry" ko "sec" a jikin kwalba?

Ana nufin yis ya cinye kusan dukkan sukarin, giyar ba ta da zaƙi. A ƙa'idar Tarayyar Turai, giyar da ba ta kumfa tana samun wannan suna ne idan sukarin da ya rage bai wuce giram 4 a lita ba, ko giram 9 idan tsaminta yana da yawa. Mafi yawan ja da farar giyar da ake sha da abinci haka suke. Kalmar ba ta da alaƙa da rashin barasa, kuma wannan kuskure ne mai haɗari ga wanda ke gudun maye, domin sukarin da ya ɓace barasa ya koma.

To, yaya ake samun giya mai zaƙi, wadda ake sha bayan abinci?

Nan ne sana'ar ta fi wahala, kuma nan ne ta fi tsada. Matsalar ita ce yis ba ya barin sukari sai an tilasta masa, don haka ko dai a tara sukari fiye da abin da zai iya cinyewa, ko a kashe shi a tsakiyar aiki. Zuba sukarin rake a giyar da aka gama hanya ce ta masu araha, manyan yankunan da ke yin giya mai zaƙi ba su yarda da ita ba.

Hanya mafi tsufa ita ce shanya. Ana tsinke inabi a baza shi a kan tabarmi ko a rataye shi a ɗaki mai iska na makonni ko watanni har ya kusa zama zabibi, ruwa ya tafi sukari ya taru, sannan a matse. Haka ake yin Vin Santo a yankin Tuscany na Italiya da Commandaria a tsibirin Saifurus. Ɗanɗanonsu yakan karkata zuwa na busasshen ɓaure da zabibi da gyaɗar Turawa.

Hanya ta biyu ita ce mafi ban mamaki, domin fumfuna ake roƙon ta zo. A yankin Sauternes, kudu da birnin Bordeaux, ƙaramin kogin Ciron mai ruwan sanyi yana haɗuwa da kogin Garonne mai ɗumi, sai hazo ya lulluɓe gonaki da safiyar kaka. Wannan damshi yana tayar da wata fumfuna mai suna Botrytis cinerea, wadda ke huda ɓawon inabi da ƙananan ƙofofi, idan kuma rana ta fito da hantsi ta busar da gonar, ruwan cikin inabin yana tsiyayewa ta waɗannan ƙofofi. Ƙwayar da ta kai yadda ake so ba ta da kyan gani ko kaɗan: ta yamutse, ta yi launin ƙasa-ƙasa, toka-toka ta rufe ta kamar abin da za a zubar. Kuma ba sa kaiwa lokaci ɗaya, a nono guda za a ga wata ƙwayar ta yamutse wata tana nan da ruwanta, don haka masu tsinka suna zagaya gona ɗaya sau da yawa cikin makonni, da ɗan almakashi a hannu, suna cire wadda ta kai suna barin saura. Idan ruwan sama ya yi yawa, fumfunar nan ɗaya ce ke juyewa ta ruɓar da amfanin gaba ɗaya. Gidan Château d'Yquem, wanda aka ɗora a saman jerin darajar Sauternes a 1855, bai fitar da babbar giyarsa ba a 1992 da 2012 saboda amfanin bai kai yadda suke so ba, kuma an saba cewa kowace kuringa a gonarsu kofi ɗaya take bayarwa. Giyar da ke fitowa ruwan zinariya ce mai kauri, mai ƙamshin zuma da ɓawon lemu. Ƙasar Hangari tana yin irin wannan a yankin Tokaj, inda doka tun 2013 ta ce giyar Tokaji Aszú sai ta kai giram 120 na sukari a lita.

Hanya ta uku ita ce ƙanƙara. A Jamus da Kanada ana barin inabi a jikin kuringa har hunturu ya shiga, ana rufe shi da raga saboda tsuntsaye, ana jiran daren da sanyi zai kai digiri 7 ƙasa da sifili a dokar Jamus, ko digiri 8 a dokar Kanada. A daren ake tashin ma'aikata su tsinke shi da fitila a cikin duhu, a matse shi yana daskare, ruwan ya tsaya a matsayin ƙanƙara, 'yar zumar da ba ta daskare ba ta ɗigo. Ɗumamar yanayi ta sa irin wannan dare yana wuyar samuwa a Jamus, yanzu lardin Ontario na Kanada ne ke kan gaba.

Hanya ta huɗu ita ce kashe yis da barasa mai ƙarfi. A kwarin kogin Douro na ƙasar Fotugal, wanda aka shata iyakarsa da doka tun 1756, ana barin yis ya cinye kusan rabin sukari, sai a kwarara tatacciyar barasar inabi, yis ya mutu, zaƙi ya tsaya. Wannan ita ce Port, kuma barasarta tana kaiwa kashi 19 zuwa 22 cikin ɗari. A tsibirin Madeira kuma har ɗumama giyar ake yi da gangan na watanni, al'adar da ta samo asali daga gangunan da suka sha zafi a cikin jiragen ruwa, abin da ya sa tana cikin giyar da ta fi kowace jure ajiya. Nahiyar Afirka ma tana da tata a tarihi, wato giyar Constantia ta kusa da birnin Cape Town, wadda aka riƙa kai wa Napoleon, tsohon sarkin Faransa, lokacin da yake tsare a tsibirin Saint Helena.

Mai zaƙin ta fi sauran sauƙin barasa ke nan?

Zaƙi ba ya nuna yawan barasa, ɓoye ta ma yake yi. Moscato d'Asti na Italiya tana da kimanin kashi 5 da rabi, Sauternes tana kusa da 14, Port kuma ta fi giyar da ake sha da abinci nesa, wadda yawanci take tsakanin 11 da 15. Dukkansu masu zaƙi ne, dukkansu kuma suna sa maye. Abin da ke hana mai kyau daga cikinsu ginsar mai sha shi ne tsami, shi ya sa ake zaɓar nau'o'i masu asid da yawa irin su Riesling da Furmint na Hangari.

Me ya sa wasu ƙasashe ne kawai suka shahara da ita?

Kuringar inabi tana son hunturun da za ta zubar da ganye ta huta, da bazara mai rana wadda ba ta cika ruwan sama ba, kuma irin wannan yanayi ya fi samuwa tsakanin layi na 30 da na 50 arewa da kudu da tsakiyar duniya. Italiya da Faransa da Sifen su ne manyan masu yin ta. Siyasa ma tana da hannu. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙaramin ƙwaro mai cin saiwa da ya shigo daga Amurka ya hallaka gonakin Faransa, sai Turawan mulkin mallaka suka cika Aljeriya da kuringa, har ta zama ƙasar da ta fi kowace fitar da giyar inabi a duniya kafin ta samu 'yanci a 1962, bayan nan aka tumɓuke mafi yawan gonakin. A ƙasar Hausa ma inabi yana yi, manoman ƙaramar hukumar Kudan a jihar Kaduna suna girbe shi da rani, amma na ci ne, wanda ya fi girman ƙwaya da sirantar ɓawo.

Gaskiya ne duk daɗewar giya duk kyanta? Kuma yaushe take zama kal?

Ba gaskiya ba ne. Mafi yawan giyar da ke kasuwa an yi ta ne domin a sha cikin 'yan shekaru, kuma ƙalilan ne masu isasshen tanin ko tsami ko sukari da za su amfana da ajiya. Da shekaru jar giya tana koɗewa ta koma launin bulo, fara kuma tana ƙara duhu. Zafi yana lalata ta da sauri, kwalbar da ta kwana biyu a shago marar sanyi a watan Afrilu ta riga ta sauya.

Idan iska ta shiga kwalba, wasu bakteriya suna mayar da barasar zuwa asid mai kaifi, wato ruwan kal. Malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi cewa giyar da ta juye ta zama kal da kanta ta halatta, sun kuma saɓa a kan wadda mutum ya juyar da gangan, don haka wanda ya ga kwalbar kal da aka rubuta an yi ta daga giyar inabi sai ya nemi fatawar malaminsa a kan mazhabarsa.

An ce kofi ɗaya na jar giya yana gyara zuciya. Haka ne?

Wannan magana ta bazu ne a farkon shekarun 1990, lokacin da aka lura Faransawa suna cin maiƙo amma ciwon zuciya bai yi musu yawa ba, aka danganta abin da jar giya. Binciken da ya biyo baya ya raunana wannan fahimta, domin a cikin waɗanda aka lissafa a matsayin marasa sha akwai mutanen da rashin lafiya ce ta sa suka daina. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar tun 1988, kuma a watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutarwa. Sinadaran ɓawon inabi da ake yabo suna nan a cikin inabin da ake ci.

Kwalaben da ake fasawa a bukukuwanmu, masu kumfa, giya ce?

Iri biyu ne, kuma ya kamata duk mai shirya biki ya iya raba su. Na farko ruwan inabi ne ko na tuffa da aka cusa wa iskar gas, yis bai taɓa shi ba, siffar kwalbar ce kawai irin ta giya. Na biyu giya ce ta gaske da aka gama tsimawa sannan aka cire mata barasa, ko ta hanyar ɗumama ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska, ko ta hanyar tace ta da matata mai ƙananan ƙofofi. A dokar Tarayyar Turai irin wannan tana iya ɗauke da barasa har rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kuma malamai sun saɓa a kanta saboda asalinta giya ce.

Hanyar ganewa ita ce a juya kwalbar a karanta bayanta. A nemi ƙaramar lamba mai alamar kashi cikin ɗari tare da "vol" ko "alc" a gefenta: 0.0 daban, 0.5 daban, 12 kuma giya ce tsantsa. Idan an ga kalmar "dealcoholised" ko "désalcoolisé", na biyun ne. Ana yawan jera waɗannan kwalabe a kanta ɗaya da masu barasa, hoton inabi iri ɗaya, takardar zinariya iri ɗaya a wuya, don haka bai dace a aiki yaro ya sayo da kwatancen launi ba. Ruwan inabin da aka buɗe kuma aka bari a zafi yana iya fara tsimuwa da kansa cikin 'yan kwanaki, alamarsa kumfa da sauyin ƙamshi.

Idan an dafa abinci da giyar inabi, barasar ba ta ƙonewa?

Tana raguwa, amma ba ta ƙarewa da sauri kamar yadda masu dafa abinci ke faɗa. Alƙaluman da ma'aikatar noma ta Amurka ke amfani da su sun nuna cewa bayan minti 15 ana tafasa kimanin kashi 40 cikin ɗari na barasar da aka zuba yana nan, bayan sa'a biyu da rabi kuma wajen kashi 5 ne ke saura. Matafiyi zai haɗu da jar giya a dahuwar naman sa da ake kira boeuf bourguignon da ta kaza da ake kira coq au vin a Faransa, da farar giya a shinkafar risotto ta Italiya da miyar kifi da dama. Masu zaƙin kuma suna shiga kayan maƙulashe, kamar giyar Marsala da wasu ke zubawa a kayan zaƙin Italiya mai suna tiramisu, wanda ba a ɗora shi a wuta ma, don haka duk abin da aka zuba yana nan yadda yake. Sunan abincin ba kullum yake nuna haka ba, sai an tambayi mai kawo abincin ko an zuba giya a miyar ko a kayan zaƙin kafin a yi oda.